Kun kai rumbun bayanai gajimare ba ku karanta komai ba

Don Allah ku daina kiran abin da ya faru da kamfanin lodin nan na kasuwar Mile 12 a Legas tsautsayi. Direbobin da suka taso da tumatir da albasa tun daga Arewa sun kwana a bakin kasuwa suna jiran kuɗinsu, aka ce musu wai kwamfuta ce ta samu matsala. Kwamfuta lafiyarta ƙalau. Wani gwani ne aka biya maƙudan kuɗi, ya kwashe rumbun bayanansu daga SQL Server, manhajar ajiye bayanai da ke kan na'urar ofis, ya kai Azure SQL Database, wato gajimare, inda ake hayar rumbu a na'urorin Microsoft ta intanet, bai tsaya ya karanta abin da sabon wurin ba ya yi ba.

Kuma Microsoft masu abin ba su ɓoye ba, a rubuce yake ƙuru-ƙuru: Azure SQL Database ba shi da SQL Server Agent. Wannan Agent ɗin shi ke tashi da tsakar dare ya haɗa lissafin yini, ya fitar da sunayen waɗanda za a biya da safe. Gwanin namu ya kwashe teburan da ake jera bayanai a ciki, ya kwashe bayanai, ya ɗauki hoto ya sa a LinkedIn ana ta yi masa barka, ayyukan dare kuwa suna can a tsohuwar na'ura babu mai tayar da su. Da Managed Instance ya ɗauka, wato wani nau'in hayar rumbu na Microsoft ɗin dai, da Agent ɗin na nan. Ko kuma ya sake gina ayyukan ta wata hanyar kafin a kashe tsohuwar na'ura. Bai yi ko ɗaya ba, saboda bai karanta ba. Hatta umarnin da ke jawo bayanai daga rumbu biyu a layi ɗaya, wanda a ofis ko tunaninsa ba ka yi, a can sai ya tsaya maka cak.

Kada wani ya ce ai a koma Amazon. RDS, nasu tsarin hayar rumbun bayanai, yana nan tun 2009, kuma har yau idan ka ɗauki manhajar rumbu ta PostgreSQL a kansa ba za a miƙa maka cikakken iko ba, wani matsayi mai suna rds_superuser za a ba ka, mai iyaka. Ba za ka shiga cikin na'urar kanta ka taɓa fayil ba. Ƙarin kayan aikin da kake so ka ɗora, sai wanda ke cikin jerinsu. Cloud SQL na Google ma haka tsarin yake. Gidan haya ne, kuma duk wanda ya taɓa kama ɗaki a Agege ya san ba ka fasa bango don kana son taga. Kafin ka kwaso kaya, sai ka tambayi abin da mai gida ya hana.

Na ga masu sharhi suna cewa, “Malam, ai duk SQL ne.” Wato tunda yaren ba rumbu umarni ɗaya ne, babu bambanci. To madalla. Je ka gaya wa direban da ya kwana a kan buhun albasa. Wasu kuma sun ce ina adawa da ci gaba. Ni? Na san amfaninsa sarai. RDS yana ajiye maka kwafi da kansa, yana iya mayar da kai yadda rumbunka yake a wani lokaci can baya har kwana 35, idan na'ura ɗaya ta faɗi wata ta karɓa, in dai ka biya kuɗin hakan. Duk wanda ya taɓa gadin saba, wato na'urar da rumbun ke kai, a ɗaki mai zafi janareta na tari ba zai raina wannan ba. Amma maganata ɗaya ce: akwai shafin da ke lissafa abin da babu, kuma ba ku buɗe shi ba.

Ƙannena da ke koyon wannan aiki a Yaba da Ikeja, da ku nake, tsakani da Allah. Kafin ka taɓa bayanan mutane, zauna ka rubuta duk abin da tsohon rumbu ke yi, har wanda yake yi ana barci. Sannan ka bi jerin sabon wurin layi-layi. Gwada biyan kuɗi na ƙarya a daren farko kafin na gaske. Haƙƙin mutane ne a cikin teburan nan.

Ga kuma zancen kuɗi da ba wanda ke son tayarwa. Farashin hayar gajimare da dala aka yanka shi, kuma kowa ya ga yadda naira ta koma tun watan Yunin 2023. Sai igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka tsinke a watan Maris na 2024, har bankuna suka rikice. Cikakkiyar cibiyar Amazon mafi kusa da mu a nahiyar nan tana Cape Town, ta Microsoft kuma Johannesburg, alhali ga cibiyoyin ajiyar na'urori a Ikeja da Lekki. Kodayake da kuɗin wutar Band A na yanzu, wanda ya ajiye saba a ofis shi ma kuka yake.