A rubuta mana lambar matsin sauti a jikin waƙa, mu san abin da muke saurare

Ƙanina yana haɗa sauti a wani ɗan sutudiyo a Kano. Wata rana na leƙa wurinsa, sai ya juyo mini allon kwamfuta ya ce, "Yaya, dubi nan." Zanen sautin waƙa ɗaya ne har kashi biyu. Na sama yana hawa yana sauka kamar tudu da kwari. Na ƙasa kuwa ya cike layin tam, kamar bulon siminti. Ya ce na ƙasan shi mawaƙin ya karɓa, bayan ya dawo masa da aikin sau uku, wai waƙar ba ta bugawa kamar ta su wane.

Da ya kunna mini su a jere, na ƙasan ne ya fara burge ni. Sai ya rage masa murya har ƙarfinsu ya zo daidai. Nan take kalangun da ke cikinsa ya koma kamar ana dukan katifa, na saman kuma kana jin tashin kowane bugu da faɗuwarsa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sautin dijital yana da rufin da ba ya wucewa. Mai son waƙarsa ta fi ta wani ƙara ba shi da hanya sai ya danne wuraren da sauti ya yi tsini, sannan ya ɗaga sauran gaba ɗaya su taɓo rufin. Tazarar da ke tsakanin rada da tsawa sai ta tsuke. Kada a haɗa wannan da rage nauyin fayil irin na MP3, wannan daban ne. Kunnen ɗan Adam kuma yana da saurin ruɗuwa: a ɗan gajeren gwaji, wadda ta fi ƙara ita yake ɗauka ta fi daɗi. Sai an yi rabin awa ana saurare mutum ya ji ya gaji, bai san me ya gajiyar da shi ba.

Abin dariyar shi ne, faifan CD da ya fito a 1982 ya zo da fili tsakanin rada da tsawa na kusan desibel 96 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), fiye da abin da faifan garmaho ke iya ɗauka. Kamfanonin waƙa na Amurka da Turai suka bar filin suka cunkushe a bakin rufi, kowa na tsoron a ce tasa ta fi sanyi a rediyo. Rigimar ta fito fili a 2008 da kundin Death Magnetic na ƙungiyar mawaƙa ta Metallica, lokacin da masoyansu suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan da suka saya da kuɗinsu tsabta. Dubbai suka sa hannu suna neman a sake aikin.

Shekara guda bayan haka wani injiniyan sauti Bajamushe, Friedemann Tischmeyer, ya fito da shawarar da nake goyon baya. Gidauniyarsa ta Pleasurize Music Foundation ta samar da ma'aunin da ke ba kowane kundi lamba ɗaya: DR14 na nufin an bar wa sauti wurin numfashi, DR5 na nufin an matse shi sosai. Burinsu a riƙa buga lambar a bangon faifai. Manyan kamfanoni ba su kula ba, kuma ba abin mamaki ba ne, mai kaya ba ya rubuta aibin kayansa da hannunsa. Lambobin suka koma wani rumbu a intanet wanda masu saurare ke cikawa da kansu.

Masu cewa maganar ta wuce suna da hujja. Tun 2010 ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128 don daidaita ƙarfin sauti, Amurka ma ta yi dokar hana tallace-tallacen talabijin yi wa mutane ihu. Spotify na daidaita waƙoƙi a kusan -14 a ma'aunin ƙarar sauti na LUFS, YouTube ma yana rage wa masu ƙara murya. Wato wanda ya matse waƙarsa ya yi asara biyu: an rage masa ƙarar, ga lahanin yana nan. To amma lahanin nan shi ne maganar tawa. Ban da haka, mu nawa ne a nan muke sauraro ta Spotify? Yawanci turawa ake yi, daga shagon mai caji zuwa memori, daga Xender zuwa WhatsApp. Babu mai daidaita komai a wannan hanya, don haka gasar ƙara tana nan da ranta a sutudiyoyinmu.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinta: lamba ba ta auna daɗin waƙa. Kiɗan rawar biki da aka yi da fiyano ba ya buƙatar filin da goge ko garaya ke buƙata. Ma'aunin DR ɗin ma yana da rauni, domin idan aka auna faifan garmaho yakan ba da lamba mai tsoka ko da daga matsattsen aiki aka yanko shi. An kuma taɓa yin irin wannan a baya. A shekarun 1980 ana buga AAD, ADD ko DDD a jikin CD don nuna inda aka yi amfani da na'urar dijital, jama'a suka ɗauka DDD shi ne mai daraja ta ɗaya, har ƙungiyar da ta ƙirƙiro alamar ta janye goyon bayanta a 1991. Darasin da na ɗauka ba wai a ɓoye bayani ba ne. A rubuta lambar yadda ake rubuta yawan sukari a jikin kwalbar lemo, ba yadda malami ke ba da maki ba. Mai son zaƙi ya sha abinsa.

Ƙanina ya kawo tasa hujjar: a cikin adaidaita sahu, ga hon ga janareta, wa zai ji rada a ƙaramar sifika? Gaskiya ne, matsattsen sauti ya fi ratsa hayaniya. Sai dai wannan aiki ne da waya ko rediyon mota za su iya yi a lokacin da ake buƙata, kamar yadda talabijin da yawa ke da tsarin sauraron dare. Gishiri ne: a kwano ana ƙarawa, amma idan ya yi yawa tun daga tukunya, an gama.

Kuma nuna lambar ba zai ci wa manhajojin sauraron waƙa komai ba. Kafin su daidaita ƙarfin waƙa dole sai sun auna ta, ma'aunin yana hannunsu. YouTube ma yana nuna wani ɓangarensa a wani lungu da sai mai bin ƙwaƙƙwafi ke buɗewa. Abin da ya rage shi ne Audiomack da Boomplay da sauransu su sa lambar kusa da tsawon mintunan waƙa, inda kowa zai gani. Ranar da mawaƙi ya ga DR4 a gefen sunansa, na abokin gasarsa kuma DR10, kuma ya ji mutane na tambayar bambancin, zai daina mayar wa injiniya aiki sau uku.

Kafin na fito na tambayi ƙanina ina yake kai kashi na saman. Ya ce yana da jaka guda a kwamfutar da yake tara su, sun haura na shekara uku. Shi kaɗai ke jin su, da daddare, idan an kashe janareta a layin.