Naira 28,000 na biya, baƙin allo na kawo wa mahaifiyata

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da na sayi wata 'yar na'urar kallo ta hannu a wani shago da ke wajen Terminus a nan Jos, kuma har zuwa wannan daren mahaifiyata ba ta kalli ko minti ɗaya da ita ba. Raina a ɓace yake ƙwarai, kuma ba zan yi shiru ba, domin na tabbata ba ni kaɗai aka yi wa wannan cutar ba.

Idon Hajiya ya yi rauni. In za ta kalli tafsiri a YouTube sai ta kawo waya har kusa da hancinta, ta runtse ido ɗaya, hawaye na zuba tana sharewa da bakin mayafi. Kuɗin dish kuwa mun daɗe da haƙura da shi, albashin malamin makaranta ba zai ɗauki wannan da kuɗin abinci ba. Wani abokin aikina ne ya ba ni shawarar Fire TV Stick, 'yar aba ce da tsawonta bai wuce yatsa da kaɗan ba, ana soka ta a ramin HDMI na bayan talabijin, ta mai da tsohuwar talabijin mai kama intanet. Sabuwa ta fi ƙarfina, shi ya sa na nufi masu tokumbo.

Mai shagon ya tarbe ni da fara'a. "Oga, ka zo a sa'a. Wannan 4K ce, daga Amurka kai tsaye, ko mako ba a yi da sauke ta ba." Ya soka ta a wata ƙatuwar sabuwar talabijin da ke rataye a bango, tambarin kamfani ya fito, hotunan finafinai suka jeru, launi tar. Ko minti ɗaya ba a cika ba ya zare ta. Na ce ina cajarta? Ya ce ba ta buƙata, in soka wayarta a ramin USB na talabijin ɗina kawai. Na ce rimot fa? Ya ja wata durowa cike da rimot-rimot, ya tsamo ɗaya, ya ce batir in saya a hanya. Rasit ɗin da ya ba ni takarda ce da ya yago daga littafin rubutu, babu sunan shago, babu lambar na'ura. Na ƙirga masa naira 28,000, na hau keke na koma Anguwar Rogo ina murna.

Bayan isha'i muka taru a falo, Hajiya ta gyara zama a kujerarta, yara sun zagaye ta. Na soka na'urar, na mayar da talabijin kan HDMI. Tambarin ya ɗan leƙo, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Na zare, na mayar. Baƙi. Na canza rami. Baƙi. Na danna rimot har babban yatsana ya yi ciwo, ko gezau. Hajiya ta jira kusan awa guda, sannan ta ce, "Bari kawai, Allah ya kai mu gobe," ta jawo wayarta ta koma kusa da hancinta. Wannan kallon ne har yanzu yake ci mini rai.

Washegari na kira mai shagon sau shida. A na bakwai ya ɗaga ya ce talabijin ɗina ce ta tsufa, ya kashe.

Daga nan na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran talabijin a bakin titin Bauchi, mutumin da ya fi shekara ashirin yana wannan sana'a. Abin da ya fara yi shi ne buɗe bayan rimot. Wayar ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke riƙe batir ta yi kore shar, farin gari ya bushe a kanta kamar kanwa, alamar wani tsohon batir ya fashe a ciki tun da daɗewa. Ya kankare ta da bakin reza, ya goge da ɗan tsumma, ya mayar da batir. Sannan ya gaya mini abin da mai shago bai gaya mini ba: wannan rimot ba irin na talabijin ba ne da ake nuna shi ga allo ya yi aiki, sai an ɗaura shi da na'urar tukuna, ta hanyar danne maɓalli mai hoton gida na tsawon daƙiƙa goma. Rimot ɗin da aka tsamo daga durowa bai taɓa haɗuwa da wannan na'ura ba. Na ce, Baba, ba akwai manhajar waya da ke zama rimot ba? Ya ce akwai, amma sai waya da na'urar suna kan Wi-Fi ɗaya, ita kuma na'urar ba za ka sa ta kan Wi-Fi ɗinka ba sai da rimot. To wanda rimot ɗinsa ya mutu gaba ɗaya ta ina zai fara? Mai shagon ya san wannan sarai, sana'arsa ce.

Baƙin allon ma ashe yana da dalili. Talabijin ɗinmu tsohuwa ce, 720p take ɗauka. Wanda ya yi amfani da na'urar a can ƙasarsu ya ɗaure ta a kan 1080p, shi ya sa ta yi kyau a sabuwar talabijin ɗin shago, a tamu kuma hoton ya ƙi fita. Dattijon ya nuna mini: a danne maɓallin sama da maɓallin mayar da fim baya a lokaci guda, kamar daƙiƙa biyar, sai na'urar ta riƙa gwada girman hoto ɗaya bayan ɗaya, in hoto ya bayyana sai ka danna na tsakiya ka tsayar da ita a nan. Aikin da bai kai minti biyu ba. Da mai shago ya tambaye ni irin talabijin ɗina, ko da ya faɗa mini wannan a waya maimakon ya kashe a kunnena, da Hajiya ba ta kwana da ɓacin rai ba.

Kafin in tafi dattijon ya juya na'urar, ya kawo ta kusa da fitila, ya karanta ƙananan rubutun bayanta. Lambar samfurin LY73PR. Ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya ce maka 4K ce? Wannan ta 2016 ce, iyakarta 1080p. Mai 4K sai a 2018 ta fito." Ni talabijin ɗina ma ba ta 4K ba ce, ban damu da 4K ba. Abin da ya dame ni shi ne an kalli tsabar idona an yi mini ƙarya, an karɓi kuɗin wata na'ura an ba ni wata.

Na dawo gida, hoto ya fito, amma gefunansa a yanke, rabin rubutun sama ya shige cikin bangon talabijin. Wannan na gyara da kaina, akwai wurin daidaita allo a cikin saitin hoto da sauti, ana rage shi har kiban nan huɗu su bayyana. Ina cikin haka na'urar ta mutu ta sake tashi. Bayan minti uku ta sake. Ta sake. Na koma wurin dattijo, kuɗin keke zuwa da dawowa. Ya ce wuta ce ba ta ishe ta ba: ramin USB na irin waɗannan talabijin rabin amfiya yake bayarwa, ita kuwa tana son amfiya ɗaya cur a kan bolt biyar, shi ya sa kamfanin yake sayar da ita da cajarta. Wato cajar da aka ce mini "ba ta buƙata" ita ce ranta. Ina cajar ta tafi? Ko an raba ta da ita an sayar daban, ko tun can ba ta zo da ita ba. Ko wanne ne, hakkina ne a gaya mini. Na sayi wata caja naira 3,500.

Yanzu ta tsaya, sai ga babbar matsalar. Sunan wani Bature ne a kan allon, asusunsa ne a ciki, finafinan da ya kalla a jere. Duk abin da na taɓa sai ta nemi lambar sirri. Ba zan sa mahaifiyata kallon tafsiri a kan asusun mutumin da ban sani ba, kuma ko ina so ma ba hali. Hanya ɗaya ce, a goge ta ta koma kamar sabuwa: a danne maɓallin komawa da na dama tare, daƙiƙa goma. Na yi. Ta goge, ta tashi, ta nemi Wi-Fi, na raba mata intanet ɗin wayata. Sai ta ce za ta sauke sabuntawa, kuma babu tsallakewa.

Duk wanda ke zaune a Jos ya san abin da ya biyo baya. Sandar da ke nuna ci gaban sabuntawar ta kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Na fita tsakar gida cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, na ja igiyar janareta ya fi sau goma kafin ya yarda ya tashi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba na kunna janareta sai da larura, amma daren nan lita biyu na ƙona. Sabuntawar ta faro daga farko. Data kuwa, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa yana ƙirga megabait ɗinsa kamar yadda ake ƙirga tsabar shinkafa. Datar da na saya don ta kai ni ƙarshen wata ta ƙare a dare ɗaya, na sake saye da ƙarfe ɗayan dare.

Ta gama, ta nemi asusun Amazon. Na buɗe sabo da imel ɗina, na shigar da komai daidai, harafi bayan harafi da wannan ɗan rimot. Ta ƙi yin rajista. Na sake, ta ƙi. Ƙanena ya kawo nasa asusun da yake amfani da shi lafiya lau a tasa na'urar, ta ƙi. Muka gwada da intanet ɗin wani layin, ta ƙi. Dattijo mai gyara ya girgiza kai ya ce ba yau ya fara ganin irin wannan ba: na'urar da mai ita ya kai rahoton ta ɓata ko an sace, kamfanin yana toshe lambarta, ba za ta ƙara karɓar rajista ba, kuma babu mai gyaran da zai buɗe ta. Ni ban ga laifin kamfanin ba, kare dukiyar mai ita suke yi. Laifin na wanda ya ɗora ta a kan teburi ya sa mata farashi ne.

Na koma shagon ranar Asabar. Na yi sallama, na ajiye na'urar da rimot da takardar da ya yago mini. Na ce, Malam, kayanka ba sa aiki, ka ba ni kuɗina ko ka canza mini. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "Ai a gabanka na gwada, tana yi. Wa ya ce ka goge ta? Kai ka lalata ta. Kaya in ya fita ba ya dawowa." Jikina har rawa yake. Ashe shi ya sa bai goge ta ba kafin ya sayar, shi ya sa gwajin nasa bai kai minti ɗaya ba. Muddin asusun Baturen yana ciki za ta nuna hotuna masu kyau a bangon shago, aibin kuwa sai mai saye ya isa gida zai tarar da shi. Na tuna masa hadisin da kowane ɗan kasuwa ya sani, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa shi a sama ba mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ya kau da kai ya shiga ciniki da wani yaro da ya zo neman rimot. Na ce wa yaron ya duba bayan rimot ɗin kafin ya biya. Nan mai shagon ya ɗaga murya wai ina kore masa kwastoma, maƙwabtansa suka taru, kowa "yi haƙuri, Malam, yi haƙuri." Babu ko ɗaya da ya ce masa ya mayar da kuɗi.

Wannan haƙurin ne ya ishe ni. Kullum wanda aka cuta ake ba haƙuri. Wa ya kafa dokar "kaya ba ya dawowa"? Akwai dokar kare mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi ko aka siffanta masa su ba yadda suke ba. Kayan hannu ne, na yarda, ban nemi su yi ƙyalli ba. Amma tsufa daban, ƙarya daban. In ka ce mini ta 2016 ce, babu caja, rimot ba nata ba ne, ban gwada rajista ba, sai in yi shawara da aljihuna. Wanda zai sayi irinta daga yau, kada ya miƙa ko sisi sai an goge ta a gabansa, ta karɓi asusunsa, ta kunna bidiyo na minti goma da cajarta da rimot ɗinta, kuma a rubuta lambarta a rasit mai sunan shago. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan, a bar masa kayansa.

Na zauna na yi lissafi: kuɗin na'ura, caja, batir, ladan mai gyara, keke sau huɗu, fetur, data sau biyu. Ya haura naira 45,000. Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta zan kai ƙara wurin shugaban 'yan kasuwar layin, da na'urar da takardar da dattijon mai gyara, wanda ya ce zai rufe shagonsa ya raka ni. In can bai yiwu ba zan rubuta wa hukumar. Ɗazu Hajiya ta leƙo ta ce in bar shi da Allah. Na ce mata na bar shi da Allah, amma kuɗin sai ya dawo.