Sakin Kare a Karkarar Ingila

Akwai maganar da ake yawan yi a tsakanin masu yawon ƙafa da karnuka a karkarar Ingila, kuma tana damuna: wai muddin fili ne fetal, karen kuma ba ya cizo, babu laifi a kwance masa igiya. Na gane dalilinsu, kare na son gudu, mai shi kuma ya san halinsa a gida.

Amma ba cizo kaɗai ne ɓarna ba. Tunkiya mai ciki, in kare ya kore ta ko da wasa, haƙori bai taɓa ta ba, firgita da gudun kaɗai na iya sa ta ɓari. Tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa ma, in an tashe su, sai ƙwan ya huce.

Shi ya sa wata dokar ƙasar ta shekarar 2000 ta ce a filayen da aka buɗe wa jama'a, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, a riƙe kare da igiyar da ba ta wuce mita 2 ba, kusa da dabbobi kuwa kowane lokaci. Sai fa in shanu sun taso maka, nan shawarar hukuma ita ce ka sake shi, ai karen ya fi ka saurin gudu.