Wai duk baitocin nan na Umar Khayyam ne?

Jama'a masu ɗora baitocin Farisa a Facebook kuna rubuta "inji Umar Khayyam" a ƙasa, don Allah a riƙa sassautawa. Mutumin nan fa, wanda aka haifa a Nishapur a 1048 ya rasu a 1131, mutanen zamaninsa da lissafi da ilimin taurari suka san shi, yana ma cikin waɗanda suka gyara wa Sarki Malik Shah kalanda a 1079. Marubuci Nizami Aruzi da ya zauna da shi ido da ido, a babin masana taurari na littafinsa ya kawo labarinsa, bai ce uffan kan waƙa ba.

Sai da ya yi kusan shekara 70 a kabari kafin Fakhruddin Razi ya ambaci rubā'iyya (gajeriyar waƙa mai ɗango huɗu) guda ta Farisanci da sunansa, sai kuma Najmuddin Razi ya kawo biyu a 1223, shi kuma don ya caccake shi ne. To amma kwafin da aka rubuta a Shiraz a 1460, wanda ke Oxford yanzu, wanda Bature FitzGerald ya dogara da shi a fassararsa ta 1859, guda 158 ne a ciki, na bayansa kuwa wasu sun haura dubu. Mamaci yana ta ƙara waƙa kenan!

Ni a ganina dalilin a fili yake. Rubā'iyya ɗango huɗu ce kacal, yawanci mawaƙi ba ya sa sunansa a ciki kamar yadda mawaƙin Farisa Hafiz ke yi a ƙarshen waƙoƙinsa na gazal, saboda haka duk wanda ya tsara baiti kan giya ko shakku kan ƙaddara kuma yana tsoron malaman gari sai ya laɓe bayan Khayyam, masu kwafe littafi su kuma duk abin da ya yi kama da salonsa su zuba. A 1897 Zhukovsky, wani masani ɗan Rasha, ya tsamo guda 82 da ake samu a diwanin wasu mawaƙan daban, har da Attar da Rumi. Mu da muka san darajar isnadi, rubuta "ana jingina wa Khayyam" ai ba zai gagare mu ba.

Kuma kar wani ya ce ai an ga tsohon kwafi. Wajen 1950 wasu kwafi suka ɓullo ɗauke da kwanan wata na ƙarni na 13, Farfesa Arberry na Cambridge ya yarda da su har ya fassara, ashe jabu ne, sababbi fil aka tsufar da su.