Takardar lafiyar mota ba ta isa shaida ba

Da yawa daga masu sayen Hilux ko Land Cruiser ta hannu a Zariya, da zarar dillali ya miƙo takardar lafiyar mota ta bana, sai hankalinsu ya kwanta. Ba haka abin yake ba. Takardar tana nuna halin motar ne a ranar da aka duba ta, wato birki da fitilu da tayoyi da hayaƙi. Ba ta faɗin abin da motar ta sha a baya, kuma mun san akwai takardun da ake sabuntawa motar na ajiye a gida.

Tarihin ake bi. Ka nemi takardun shekarun baya, ka jera su. In akwai giɓin shekara biyu ko uku, tambayi inda motar take a lokacin. Sau da yawa haɗari ta yi, ko tana kwance a gareji. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 a yawancin motoci, dole ta zama ɗaya a takarda da jikin motar. In daga Amurka aka shigo da ita, da wannan lambar ake duba rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci a can, a ga ko ta taɓa nutsewa a ambaliya ko an mayar da kilomitarta baya.

Motar da ta yi damina tana dakon masara a ƙauyukan Soba ko Giwa, a ƙasanta ciwon yake. Kai ta wurin bakanikenka, ba na dillali ba, ya shiga ƙarƙashi ya duba tsatsa da walda, ya kuma gwada giyar da ke ja da ƙafa huɗu.