Yoga da gajiyar ma'aikatan Yamai: abin da na gani daga Lyon

A nan birnin Lyon na Faransa, inda nake zaune nake aiki, yoga ta shiga tsarin makon ma'aikaci. Da tsakar rana ko bayan an tashi daga aiki, sai ka ga mutane da ƴar shimfiɗar roba naɗe a kafaɗa, sun nufi ɗakin da za su yi sa'a guda suna miƙa gaɓoɓi suna daidaita numfashi. Abokaina na Yamai, masu aikin banki da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati, sun fara tambayata ko ita ce maganin gajiyar da ke hana su barci. Ina ganin tana da amfani, amma sai ga wanda ya mallaki sa'ar da zai yi ta, kuma a nan ne muka bambanta da Turawa.

Wanda ya wuni kan kujera gaban kwamfuta, wuyansa da ƙugunsa sukan sage, miƙa su a hankali kuwa yana sassauta su. Numfashi mai tsawo, musamman idan an jinkirta fitar da iskar, yana rage saurin bugun zuciya, ya kwantar da jikin da ya wuni cikin shirin ko-ta-kwana. Asalin yoga daga Indiya ne, kuma a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni. Tana da saiwa a addinin Hindu, saboda haka damuwar Musulmi a kanta ba ta banza ba ce. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana yogar da ta ƙunshi waƙe-waƙen bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ni ma a nan na tsaya.

Bafaranshe ya samu sa'arsa ta hanyar doka. Tun 2000 aka fara rage makon aiki zuwa sa'o'i 35, kuma daga Janairun 2017 aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata aƙalla 50 su tattauna da ma'aikatansu kan haƙƙin kashe waya da ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. A Nijar doka ta ce sa'o'i 40, amma kowa ya san takardar daban, biro daban. Shugaba yakan aiko da saƙon WhatsApp bayan sallar isha'i yana son rahoto kafin safiya, kuma ba mai iya cewa sai gobe. Mutumin da ke zaune a unguwar Harobanda, ƙetaren kogi, ya riga ya bar wani ɓangare na ƙarfinsa a cunkoson gadar Kennedy, cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Asabar da Lahadi kuwa na suna ne da ɗaurin aure da zaman makoki, domin mai albashi shi dangi ke kallo. Ma'aikaciya ta fi shan wuya, tunda tana sauka daga biro aikin gida ke jiranta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ma'aikata ta ɗauko mai koyar da yoga alhali ba ta rage wa kowa nauyi ba.

Duk da haka Yamai tana da abin da Lyon ta rasa. Da yawa daga cikin masu zuwa yoga a nan kaɗaici ne ke kai su, suna biyan kuɗi don su zauna cikin mutane. Mu muna da fada, inda ake dafa shayi ana sauke abin da ke cikin rai, muna kuma da salla da ke katse aiki ta tilasta wa mutum natsuwa. Sai dai fada zama ce da sukari, ba ta warware ƙugu, kuma mata ba su cikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wanda ke tafiyar ƙafa da sanyin safiya a filin wasa na Seyni Kountché zai iya ƙara minti goma na miƙa da numfashi, ba tare da ya sayi komai ba, domin tabarma ta isa. Abin da nake roƙo ya fi karkata ga shugabannin ma'aikatu: su daina aika saƙon aiki bayan magariba sai da larura ta gaske, su kuma ware ɗaki mai sanyi da malama mace, inda ma'aikata mata za su motsa jiki cikin sutura kafin su kama hanyar gida.