ActBlue Ba Uwar Gidan 'Yan Takara Ba Ce

Idan aka ji biliyoyin daloli sun bi ta ActBlue zuwa ga 'yan takarar jam'iyyar Democrat a Amurka, wasu kan ɗauka ƙungiyar attajirai ce mai raba kuɗi ga wanda ta ga dama. Ba haka abin yake ba. Tun kafa ta a 2004, aikinta karɓa da miƙawa ne ta intanet. Mai bayarwa shi ke zaɓar gwaninsa, ko da dala 5 zai tura, a cire kashi 3.95 cikin ɗari na hidima.

Da irin wannan karo-karon Sanata Bernie Sanders ya yi takarar neman tikitin shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat a 2016, matsakaiciyar gudummawar da aka ba shi dala 27. Kuɗin sun taru sosai, amma Hillary Clinton ce ta ci zaɓen fid da gwani.